Dusar da Ban Jiƙa Ba

Tun ina ƙarami Inna take cewa kamar an zuba mini cinnaku a wando. Ban iya zama ba, har yau kuma ban gama koya ba. Shi ya sa da na zo New York aikin tuƙa tasi ya yi mini daidai, tunda aiki ne da ake biyan mutum don ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Muna zaune a unguwar Morrisania da ke Bronx, hawa na huɗu, ni da matata da yara biyu, a gidan da ba ya ɗaukar mutum mai yawan kai-komo irina. In na dawo daga aiki, ba na cika minti goma sai na tashi na leƙa taga, na buɗe firij na rufe, na koma na leƙa tagar. Matata tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu, takan dawo a gajiye, ta bi ni da ido ta ce, "Malam, ko dai ka zauna ko ka fita. Jiri kake sa ni."

Wata safiya da sanyi ya fara sauka na ɗauki wata Baturiya, dattijuwa mai furfura, da dogon takalmi duk taɓo. Tana shiga motar wani ƙamshi ya buge ni. Wasu za su ce wari ne, ni dai ƙamshi na ji: zufar doki da busasshiyar ciyawa. Shekara goma sha biyu rabona da shi. Babana fatu yake saye a kasuwannin ƙauye can wajen Gumel, kuma a kan doki yake zaga su har ya rasu. A gindin turken dokin nan na girma. Ban san lokacin da na ce mata, "Mama, doki gare ki?" ba.

Ta dube ni ta madubi ta yi dariya. Ta ce goɗiya ce, tana wata barga a can ƙarshen Bronx, kusa da wani babban daji na shaƙatawa, kuma can za ni kai ta. Na kai ta, na ƙi karɓar kuɗin, na ce a maimakonsa ta bar ni in ga dabbar. Na shiga da niyyar minti biyar, sai ga ni har hantsi ya dubi ludayi ina riƙe da ragama.

Daga ranar na zama ɗan bargar. Kullum da safe kafin in kunna rediyon kamfani sai na biya ta can, in share, in goge goɗiyar, in yi mata magana da Hausa. A duk faɗin birnin nan, wurin nan ne kaɗai ƙafata take daina rawa. Amma abu biyu sun tsaya mini a rai tun ranar farko.

Na farko, goɗiyar ba ta da jiki. Kili ce, siririya, in ta juya kana iya hango haƙarƙarinta. A garinmu ramar doki abin kunya ne ga mai ba shi abinci, in an ga ƙashi ba dokin ake zagi ba, kai ake zagi. Na biyu kuma abincin da ake ba ta. Akwai wata saiwa da ake nomawa a ƙasashen sanyi, kamar ƙaton dankali, daga ita suke tatsar sukari. Abin da ya saura bayan an matse ta, kamar tuƙar rake, shi ake busarwa a dunƙula ƙanana-ƙanana, ka rantse kashin awaki ne. Su beet pulp suke ce masa. Ni dai dusa na riƙa kiransa, don bakina ya huta. Mama takan zuba gwangwani biyu a bokiti, ta kwarara ruwan zafi, ta zauna a kan damin ciyawa tana jira awa guda cur. Abin ya yi ta shan ruwa yana kumbura har ya kusa cika bokitin, ya zama wani caɓi mai launin toka. Sai ta sa hannu har gwiwa ta laluba, in ta ji ƙwaya ɗaya mai tauri ta ƙara ruwa ta koma ta zauna.

Na daure kwana uku, ran na huɗu na kasa. Na ce, "Mama, wannan ai abincin saniya ne, ko na dokin da ba shi da haƙori. Mu hatsi muke ba doki. Shi ke sa ƙarfi."

Ba ta ji haushi ba. Ta yi mini bayani cewa goɗiyar ba ta sukuwar fili ba ce, ta dogon zango ce. Mil hamsin suke yi a yini ɗaya, cikin daji da duwatsu, kuma a hanya akwai wuraren da likitoci ke tsayar da kowane doki, su saurari zuciyarsa da cikinsa, su ja fatarsa su ga ko ruwa ya ƙare a jikinsa. Wanda ya gaza, nan tafiyarsa ta ƙare. Ta ce hatsi yana tashi da sauri ya mutu da sauri, abin da mu za mu kira wutar kara. Ita kuwa wannan dusar a hankali take sakin ƙarfi, kuma ruwan da ta sha yana tafiya da dabbar a ciki, kamar matafiyi da gorarsa. Ta ɗaga yatsa ta ce abu ɗaya kada in taɓa mantawa: wannan goɗiyar mai haɗama ce, ba a ba ta shi a bushe. Na gyaɗa kai. A raina kuwa na ce Bature da iyayi, har doki sai an dama masa koko.

A wannan zaman ne ta faɗa mini abin da ke gabanta. Shekarunta sittin da takwas, gwiwarta ta dama ta lalace, likita ya sa mata ranar aiki a farkon hunturu, ya kuma gaya mata gaskiya cewa bayan aikin doguwar tafiya a kan sirdi ta ƙare. Akwai tsere ɗaya da ya rage mata, na watan Oktoba, a duwatsun arewa da birni. Shi ne na ƙarshe a rayuwarta, kuma tun farkon shekara take shirya goɗiyar dominsa. Ta faɗe shi ba tare da neman tausayi ba, tana juya dusar da sanda.

Saura mako uku a yi tseren, 'yarta ta haihu a wata jiha mai nisa, haihuwar kuma ta zo da wahala. Dole ta tafi kwana goma. Ma'aikatan barga suna ba da ciyawa da ruwa, amma ba mai lokacin zaman jiran bokiti, don haka ta bar mini wannan. Ta rubuta komai a takarda ta manna a bango: gwangwani biyu, ruwan zafi, awa ɗaya, a laluba da hannu. Ta dube ni ta ce, "Na san ba ka son zama. Za ka iya?" Na ce mata ɗan mai doki take tambaya.

Raina fari ƙal na fita, amma ba don bokitin ba. Na ga dama ce ta zo mini. Kwana goma sun isa in sa wa goɗiyar nan nama, Mama ta dawo ta ga abin da hannun Bahaushe ke yi. Ranar nan na bi ta wajen Fordham Road, shagon wani Alhaji mutumin Nijar inda muke sayen daddawa da kuka. Na ce ya auna mini gero da jar kanwa.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Fura za a yi, direba? Madam ta iya dama ta kuwa?"

Na ce na dokin wata dattijuwa ne. Ya ajiye ledar ya yi dariya har da riƙe ciki. "Doki a Bronx? To mai dokin ta san da wannan?"

"Surprise zan yi mata, Alhaji."

"Ka ji ɗan Najeriya," ya ce. "Kayan mutane ba a yi musu surprise. Amma ga geronka, ni ɗan kasuwa ne."

Kwana uku na farko na bi takardar, sai dai ina ƙara tafin gero da ɗan garin kanwa a kai. Goɗiyar ta so abin ƙwarai. Da ta ji motsina sai ta fara haniniya tana dukan ƙofa da kofato, ni kuma kaina ya yi ta kumbura kamar dusar. Amma awa ɗayan nan ta zame mini azaba. In zauna a kan damin ciyawa, in tashi. In share inda na riga na share. In duba waya, in fita in leƙa mota ko an manna mini takardar tara, in dawo in tarar minti bakwai ne kawai suka wuce. Ina jin ƙarar motoci a babban titi, kowace kamar da fasinjana take tafiya. Ran na huɗu na mai da awar minti arba'in. Ran na biyar, ashirin, na daina sa hannu ina lalubawa. Ba abin da ya faru, sai na ƙara yarda cewa dokar Mama tsoro ne irin na tsofaffi.

Ran na shida na makara, ga wani fasinja na kullum da zan kai filin jirgi yana ta kira. Na tsaya da butar ruwan zafi a hannu, sai hoton babana ya zo mini sarai: yana tsugune gaban dokinsa, ya ajiye ƙwaryar dusa, ya ɗebi ruwa da tafin hannu ya yayyafa sau biyu, ya tura wa dokin. Shi ke nan. Dokin nan kuwa ya yi shekara goma sha biyar yana zaga kasuwanni. Na ajiye butar. Na zuba gwangwani biyu a bokiti, na watsa gero, na yayyafa ruwa sau biyu kamar yadda na ga an yi, na tura mata. Ta kafa kai tana haɗiya ko tauna ba ta yi.

Har na kai mota na tuna na bar hulata a kan ƙusa. Da ban koma ba, ban san yadda labarin nan zai ƙare ba. Na tarar ta ja baya daga bokitin, ta miƙar da wuya tana ƙoƙarin haɗiye abin da ya ƙi wucewa. Ta yi tari, sai wani kore-koren ruwa haɗe da dusa ya zubo ta hancinta duka biyu. Idonta ya firfito, zufa ta keto mata a wuya. Na shafa maƙogwaronta ta hagu na ji wani dunƙule mai tauri. Abin ya sha yawu ya kumbura a hanyar abinci, ya toshe ta. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba ko a kan titi.

Mai kula da barga ya kira likitar dabbobi. Kafin ta iso na zaga ɗakin nan ya fi sau ɗari, fasinjana yana kira ina kashewa. Likitar ta yi wa goɗiyar allura kanta ya sauka, ta zura wata doguwar roba ta hancinta, ta riƙa tura ruwa a hankali yana dawowa da dusa. Ni na riƙe kan. Ruwan ya jiƙa mini riga da wando, ina ganin ƙwayoyin gerona suna fitowa ɗaya bayan ɗaya suna taruwa a ƙasa. Likitar ta ɗauki ɗaya ta murza, ta tambayi mene ne. Na faɗa mata. Ta yar da ita ta ci gaba da aikinta, da ma zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Sai wajen azahar hanyar ta buɗe.

Ta ce goɗiyar za ta rayu. Amma wani abu ya shiga huhunta, za a sa ta a magani, a sa ido ko zazzaɓi zai zo, kuma ba sirdi sai bayan makonni. Na ce mata akwai tsere nan da kwana goma sha biyar. Ta girgiza kai tana naɗe robarta.

Na fita bayan barga na kira Mama. Ina jin kukan jariri a kusa da ita. Na fara da cewa goɗiyar tana raye, sannan na faɗi sauran. Ta yi tambaya ɗaya: "Ka jiƙa?" Ƙarya ta zo har bakina, ga ta a shirye, in ce ruwan ne bai yi zafi ba. Na ce, "Ban jiƙa ba. Kuma gero nake ba ta tun ranar da kika tafi." Ta ce to, ta gode da na faɗa mata, ta kashe wayar.

Zazzaɓin ya zo washegari, ya yi kwana huɗu. A cikin kwanakin nan ban iya aiki ba, ban iya zaman gida ba. In ɗauki fasinja in wuce kwanarsa. In je barga in dawo in sake komawa. Ƙaramar 'yata ta tambaye ni da Turanci ko dokin zai mutu, na amsa mata da Hausa cewa a'a, ta ce to me ya sa fuskata haka. Wata safiya na faka a bakin titi na kira Inna a gida, can rana ta yi. Ina neman wanda zai ce mini ba laifina ba ne, dabbar Turawa ce ba ta da ƙwari. Na ba ta labarin duka, na ƙare da cewa, "Ai Baba ma yayyafi kawai yake yi, Inna. Da idona na sha gani."

Na ji ta yi wata dariya gajera. "Yayyafi? To wa ya gaya maka busasshiya yake ba shi?"

"Ni fa na gani."

"Ka ga ƙarshen aiki dai. Ni nake jiƙa dusar nan tun asuba, a babbar ƙwaryata ta bayan rumbu, da kanwarta. Sai ta yi laushi nake miƙa masa. Da dokin ya tsufa, dawar ma kwana take a ruwa. Ruwan da ka ga yana yayyafawa na tofi ne, addu'a yake yi wa dabbarsa." Ta numfasa. "Ina za ka sani, kai da ba ka taɓa zama ka ga an gama abu ba? Kana fitowa a guje, ka ga mahaifinka da ƙwarya, ka wuce a guje."

Shekara talatin ina yawo da hoton nan a kaina ina kiransa ilimin gidanmu, ashe addu'ar kawai na gani, aikin yana bayan rumbu a hannun Inna. Ta tambaye ni matar nan tsohuwa ce? Na ce e. Ta ce, "To ka je ka tsaya inda za ta gan ka. Kada ka ɓuya, kada kuma ka cika ta da ban haƙuri."

Mama ta dawo ba ta kore ni ba, ba ta kuma yi mini faɗa ba. Ta cire takardar daga bango ta ninke ta sa a aljihu. Muna gaisawa, ina share barga, ita take haɗa bokitinta da kanta. Goɗiyar ta warke sarai. A farkon hunturu aka yi wa Mama aikin gwiwa, da bazara ta ba wata matashiya goɗiyar, aka tafi da ita wata gona a arewa, ta ci gaba da tserenta da wani mahayi a bayanta. Mama ba ta sake hawa dogon zango ba.

Amma ranar da ta fi zauna mini ita ce Asabar ɗin tseren. Na yi niyyar kada in je, na zaga unguwar sau uku da mota, daga ƙarshe na faka na shiga bargar. Na sami Mama ita kaɗai, sanye da rigar da ta saya don ranar. Ta zuba gwangwani biyu a bokiti, ta miƙo mini butar ruwan zafi ba tare da ta dube ni ba. Na kwarara. Ta zauna a kan damin ciyawa, ta matsa gefe ta bar wuri. Na zauna.

Ƙafata ta fara rawa, na danne ta da hannu. Waya ta yi ƙara a aljihu, na kashe ta gaba ɗaya. Muna kallon dusar tana shan ruwa, tana tasowa a hankali. Goɗiyar ta leƙo da kai tana hura hanci. Mama ta duba agogonta ta ce, "Yanzu aka saki dawakan." Ba ni take gaya wa ba. Bayan wani lokaci ta sake dubawa ta ce yanzu da sun fara hawan dutsen farko, inda goɗiyar take son ta wuce kowa sai an riƙe ta. Ta yi ɗan murmushi, ta share ido da bayan hannu. Na so in ba ta haƙuri, na tuna maganar Inna na fasa.

Da awa ta cika ban tashi ba, sai da ta ce in duba. Na naɗe hannun riga na zura hannu har gwiwa, na laluba ko'ina har gindin bokitin. Ba ƙwaya ɗaya mai tauri. Na ɗauka na kai wa goɗiyar, ta kafa kai tana sha, ruwan yana gangaro mata a haɓa. Mama ta dafa bango ta miƙe da ƙyar, ta zo ta tsaya kusa da ni, ta sa hannu a wuyan dabbar, daidai inda abin ya tsaya ranar nan. Ta sake duba agogo.

"Yanzu da mun kai rafi," ta ce. "A nan take fara shan ruwa."